Waiwaye: Saƙon da Ake Bar wa Dillali

Duk wanda ya taso a Damagaram ya san yadda Alhamis take wayewa. Tun kafin rana ta ɗaga, hanyoyin Mirya da Matamaye da Tanut sun turnuƙe da ƙura, ga amalanke, ga jakuna, ga garken bisashe, wasu sun nufi kasuwar Dole, wasu sun nufi turke. Mun sha ganin mutumin ƙauye ya jawo ragonsa, ya miƙa wa dillali igiya, ya ja shi gefe ya raɗa masa magana a kunne, sannan ya juya ya shige kasuwa neman gishiri da kanwa da turmin zanen uwargida. Da muna yara mun ɗauka gaisuwa suke yi. Sai da muka yi hankali muka gane ashe a cikin raɗar nan aka gama cinikin. Maganar ba ta wuce uku ba: kada ka sallama ƙasa da kaza, in an taya kaza, sayar, ba sai ka neme ni ba, in la'asar ta yi ba a taya da daraja ba, riƙe mini abina sai wata Alhamis.

Hirar samarinmu na yanzu ce ta tuno mini da wannan. A fadojin da suke zama, daga Birni zuwa Garin Malam har Kara-Kara, bayan zancen ƙwallo da na esansi, akan gangaro kan kirifto, kuɗin nan na intanet da hannu ba ya taɓawa. Wannan ya ce ya sa oda ya kwanta, da ya farka ya tarar an saya masa. Wancan ya ce shi bot ne ke yi masa ciniki dare da rana. Suna faɗa da zumuɗin wanda ya ga abin da ba a taɓa gani ba. Alhali dabarar tsohuwa ce, kuma tamu ce. Mu ne muka bar ta ta kuɓuce mana, har ƴaƴanmu suke karɓo ta daga waje tsirara, babu sharuɗɗan da kakanninmu suka lulluɓe ta da su.

Mu koma baya kaɗan. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma riƙe sarauta har 1884, Damagaram ta zama babbar mahaɗar fatake tsakanin Kano da Borno da Turabulus. A unguwar Zango ayarin Abzinawa ke sauke gishirin Bilma da dabino, Larabawan Gadamas su kawo alharini da takarda da sukari, su ɗauki jemammun fatu da hauren giwa da gashin jimina su yi arewa. Attajiri irin Malam Yaro, wanda Faransawa suka tarar sunansa ya cika gari lokacin da suka shigo a 1899, yana zaune a Zango, dukiyarsa kuwa tana can a bayan raƙuma tana ratsa hamada. Ayari kan yi watanni kafin ya ga bakin teku. Wasiƙa ma a kan raƙumin take tafiya, don haka duk farashin da aka ji labarinsa a gida ya riga ya tsufa a can inda ake cinikin.

To yaya mutum zai sayar da kayan da ba ya kusa da su, a kasuwar da idonsa ba ya gani? Sai ya gama tunaninsa kaf tun kafin a ɗaure kaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zaunar da wakilinsa a zaure, ga shaidu, ga malami da alƙalami da tawada. A faɗi kayan, a faɗi mafi ƙarancin abin da za a karɓa, a faɗi abin da za a sayo da kuɗin, a faɗi gidan da za a sauka da mutumin da za a bar wa ajiya in kasuwa ta ƙi. Malamanmu masu karantar da Risala sun san babin nan sarai, shi ne kiradi: mai dukiya ya ba da jari, mai tafiya ya ba da ƙafa da basira, riba a raba bisa kason da aka yanke tun farko, rabi ko sulusi. In asara ta zo ba da sakaci ba, a kan jari take sauka, shi kuma mai tafiya wahalarsa ta tafi. In kuwa ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa, shi zai biya. Abu uku ke riƙe da wannan tsari: iyaka da aka yanke da sanyin kai, mutum da aka san asalinsa, da shaidar da za a koma gare ta ranar gardama.

Yau nisan ya ƙare, amma wata matsala ta maye gurbinsa. Kasuwar kirifto ba ta da ranar ci, ba ta tashi da magariba, ba ta san Juma'a ko ranar Salla ba. Sa'ar da muke barci, Amurka na ciniki. Kafin mu idar da asuba, Sin da Koriya sun yi nisa. Babu ɗan Adam da zai iya tsare ta da ido. Shi ya sa dandalolin cinikin suka tanadi hanyar barin saƙo, kuma saƙonnin kusan su ne na bakin turke. Akwai na jira: in farashi ya sauko kaza saya mini, in ya hau kaza sayar. Akwai na tsai da asara, wanda samari ke kira sitof-los: in abin ya faɗi ya taɓa kaza, fitar da ni kada ka tambaye ni. Akwai na kwashe riba. Ana ma iya ɗaure waɗannan biyun wuri guda, duk wanda ya fara cika sai ya soke ɗan'uwansa. Akwai mai bin sawu, wanda ke hawa tare da farashi, ya tsaya a inda farashin ya tsaya, in an juyo ƙasa da gwargwadon da aka yanke masa sai ya sayar. Akwai kuma na ƙa'idar lokaci: duk mako, ko duk ƙarshen wata, saya mini na kuɗi kaza, ko da tsada ko da araha.

Bari mu sa shi a lissafin da muka saba. Saurayi ya tara jikka 20, ya sayi wani kuɗin intanet yana kan 100. Tun bai ajiye salular ba sai ya rubuta iyaka biyu, 90 a ƙasa, 120 a sama. In kasuwa ta yi kyau ya fita da ribar jikka 4, in ta ɓaci ya fita da asarar jikka 2, ban da la'adar dandali, wadda a manyansu kan kama kashi ɗaya cikin dubu a kowace saye ko sayarwa. Saƙon yana zaune ne a kwamfutocin dandalin, saboda haka ko an ɗauke wuta, kamar yadda muka sha duhu a 2023 lokacin da Najeriya ta katse mana lantarki, ko cajin waya ya ƙare, yana nan yana jira. Wannan alheri ne na gaske, kuma bai kamata mu dattawa mu yi saurin kushe shi ba.

Babban amfaninsa ma ba a nan yake ba. Mai ragon nan da ya bar saƙo ya tafi, ba don ya fi dillali aiki ya tafi ba. Ya san zuciyarsa ne. Ya san in ya tsaya, aka taya da kyau, kwaɗayi zai ce masa ƙara jira. In kuma rana ta karkata masu saye suka fara watsewa, tsoro zai sa ya sallama a wulaƙance. Don haka ya yanke hukunci a gida, cikin natsuwa, ya damƙa wa wani ya zartar. Wanda ya ga yadda Bitcoin ya kusa dalar Amurka 69,000 a Nuwamban 2021, ya rikito ƙasa da 16,000 a Nuwamban 2022, ya kuma haura 100,000 a Disamban 2024, ya san irin wasan da wannan kasuwa ke yi da zukata. Lissafin kuma ba ya sassauci: wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 ɗan ƙoƙari kaɗan zai mai da shi gida, amma wanda ya bari rabi ya tafi, sai abin da ya rage ya ninka kansa kafin ya dawo inda ya fara. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Saye bisa ƙa'idar lokaci kuwa iyayenmu mata ne malamansa. Mun taso muna ganin uwar adashi tana bi gida-gida da ɗan ƙullinta a bakin zane, ranar zubi ranar zubi ce, ko an yi cinikin ƙosai ko ba a yi ba. Ba yawan abin da ake zubawa ne ke gina ɗaki ko ya yi wa ɗiya kayan aure ba, rashin fashi ne. Haka wanda ya sa na'ura ta riƙa saya masa na jikka 2 duk mako: makon tsada ya sami kaɗan, makon araha ya sami da yawa, a ƙarshe farashinsa ya daidaita a tsakiya, ya huta da cankar ranar da ta fi. Sai dai akwai bambancin da ya wajaba a faɗa wa yaro ƙarara. A adashi abin da ka zuba shi za ka kwasa. A nan kuwa abin da kake tarawa yana iya ƙaruwa, yana iya raguwa, yana kuma iya mutuwa murus.

Mun ga irin wannan mutuwa a ƙasar nan, mun dai manta ne. Gashin jimina ya yi zamani yana cikin kaya mafi daraja da ke fita daga Damargu da Damagaram, saboda matan Ingila da Faransa na ƙawata hulunansu da shi. Sai manoman Afirka ta Kudu suka shiga kiwon jimina a gona suka cika kasuwa, sannan yayin ya wuce, yaƙin duniya ya zo a 1914, cinikin ya faɗi faɗuwar da bai sake tashi ba. A daidai wannan zamani jirgin ƙasa ya iso Kano, ya fara aiki a 1912, kayan da raƙumi ke kaiwa Turabulus cikin watanni suka koma bin Ikko. Duk wanda ya ci gaba da tara gashin jimina yana cewa ai ya yi araha, gobe zai tashi, gobensa ba ta zo ba. Wuri ma da aka auna arzikin kakanninmu da shi, keso-keso, ya ƙare a adon ƙwarya da wuyan yara. A Mayun 2022 wani kuɗin intanet mai suna Luna, da ake lissafa shi cikin manya, ya faɗo daga sama da dala 80 zuwa abin da bai kai ko tamma ba cikin mako guda. Na'urar da aka ce ta riƙa saye in ya sauko ta ci gaba da saye har ƙasa, don abin da aka gaya mata ke nan.

A nan ne dillali ya sha bamban da na'ura. Dillali yana da ido da kunne. In ya ga wata annoba ta shigo turke, ko ya ji an rufe iyaka masu saye daga Maigatari ba za su zo ba, zai aika yaro a nemo ka cikin kasuwa ya ce, “Malam, zo mu sake shawara, yau kasuwa ba yadda ka bar ta take ba.” Na'ura ba ta aike. Ka ce mata in ya taɓa 90 ta sayar, sai farashi ya yi tsalle cikin dare daga 95 zuwa 70 bai tsaya a tsakani ba; za ta sayar maka a 70 ɗin, don shi ta tarar. In kuma ka ɗaure ta cewa kada ta karɓi ƙasa da 89, to ba za ta sayar ba sam, kana barci abin yana ta nutsewa. Wani lokaci farashin ya leƙa ƙasa na ɗan minti, ya taɓa iyakarka, a fitar da kai, sannan ya koma sama ya bar ka. Ko manyan masu abin ba su tsira ba: ranar 1 ga Agustan 2012 wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, Knight Capital, ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda kuskure a manhajar da ke yi masa ciniki.

Mafi haɗari shi ne cinikin ninki, wanda suke kira lebarej. Dandali ya ara maka kuɗi har abin da ka ajiye ya zama ninki goma, ka shiga kasuwa da jikka 200 alhali 20 gare ka. In farashi ya motsa kashi 10 cikin 100 ta inda kake so, ka ninka jarinka. In ya motsa haka ta ɗaya ɓangaren, babu abin da zai saura. Wannan ma saƙo ne mai sharaɗi, amma ba kai ka bar shi ba, mai bashi ne ya bar wa na'urarsa, kuma ba ta jin magiya. Ranar 10 ga Oktoban 2025, cikin kwana guda, an share irin waɗannan cinikayya na sama da dala biliyan 19 a duniya. Malamai sun saɓa a kan hukuncin kirifto kansa, wasu sun hana, wasu sun halatta da sharuɗɗa, kuma ya kamata kowane yaro ya je ya zauna gaban malamin da ya yarda da iliminsa ya tambaya. Amma cinikin da aka gina kan bashi mai kuɗin ruwa, ana caca da hawa da sauka ba a mallaki komai ba, wannan ko a zauren kasuwanci na dā sunansa cinikin biri a sama.

Sai maganar masauki, wadda ita ce muka fi mantawa. Bafatake ba ya sauka gidan da bai sani ba. Mai masauki shi ke ajiye kaya, shi ke nemo mai saye, shi ke tsaya wa baƙo in an ci bashi, kuma sunansa shi ne jarinsa. In ya ci amanar mutum ɗaya, labari zai riga ayari isa Agadas. Yau dandalin shi ne mai masauki, kuɗinka da saƙonka duka a hannunsa suke, kuma yawancinmu ba mu san ko a wace ƙasa ƙofarsa take ba. A Nuwamban 2022 dandalin FTX, wanda ke cikin mafi girma a duniya, ya rushe da kimanin dala biliyan 8 na kuɗin jama'a. Waɗanda suka tsara sitof-los ɗinsu tsaf ba su tsira ba, domin gidan ne ya faɗi da kayan a ciki. Wata guda bayan haka kamfanin 3Commas, mai hayar bot, ya amsa cewa makullan sirri na abokan cinikinsa sun fita hannun ɓarayi. Shi bot ba ya aiki sai ka ba shi makullin asusunka, kuma mai hankali kan ba shi izinin saye da sayarwa kawai, ya hana shi izinin fitar da kuɗi. A Afrilun 2025 kuma maƙwabtanmu na Najeriya suka wayi gari CBEX ta rufe, bayan ta yi musu alkawarin na'ura mai basira za ta ninka musu kuɗi cikin kwana 30, har hukumar EFCC ta shiga bincike. A ɓangarenmu, babban bankin BCEAO bai ɗauki kirifto a matsayin kuɗin ƙasa ba, don haka wanda aka cuta ba shi da teburin da zai buga. Duk mai na'urar da ke ninka kuɗi a wata guda ba ya bukatar jikka biyar ɗinka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kada mu yi mamakin abin da ke jan yaranmu can. Mu ma mun ɗanɗana. Wanda ya kwana ranar 11 ga Janairun 1994 da sefa a aljihu ya tashi an raba darajarta biyu, ba a yi shawara da shi ba. Daga Yunin 2023 zuwa farkon 2024 naira ta zame daga wajen 460 a dala guda zuwa sama da 1,500, kuma mu da rabin cinikinmu da Kano da Daura yake, mun ji a jikinmu. Ga rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023. Yaron da ya ga duk wannan, aka ce masa ga USDT, kuɗin intanet da aka ɗaure da dala, yana iya ajiye guminsa a ciki ya aika Kano ba tare da ya bi ta Ɗan Barto ba, ba wauta ce ta kai shi ba. Neman mafita ne.

Wannan ya kawo ni Kara-Kara, kuma a nan nauyin yake a wuyanmu. Mun san tarihin unguwar, ko da ba ma son faɗa. Can bayan gari, cikin duwatsu, aka ware wa masu fama da kuturta da mabarata, aka bar su da ƴaƴansu da jikokinsu. Cutar ta sami magani, amma tabon sunan bai goge ba. Da ɗiyarmu A'isha Macky ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, duniya ta ga ƙartin samari masu ɗaga ƙarfe a fale-falensu, masu fasa dutse, masu kabu-kabu, masu safarar esansi, da yawanmu kuwa a nan cikin gari muka sunkuyar da kai, domin mun san inda aka faro. Duk ilimin nan da na zayyana, na yanke iyaka, na sanin masauki, na kafa shaida, ba a lakwal ake koyar da shi ba. A bakin rumfa ake ɗaukarsa, yaro yana share shago yana sauraron maigidansa, shekara da shekaru, har ranar da za a sallame shi da jari. Yaran Kara-Kara nawa muka buɗe wa wannan ƙofa? Sau nawa aka tambayi yaro unguwarsu, ya faɗa, aka ce ya dawo gobe?

Salula ba ta wannan tambaya. Katin ɗan ƙasa take nema da hoton fuska, shi ke nan ta buɗe wa ɗan Kara-Kara kasuwar da ta buɗe wa ɗan attajirin Zango. Dole yaro ya so abin da bai ƙyamace shi ba. Amma yadda ba ta san unguwarsu ba, haka ba ta san cewa jikka 20 ɗin nan na kwanaki ne a rana yana dukan dutse da guduma, ko na zirga-zirga a kan babur tun asuba ba. Ɗan attajiri in ya faɗi akwai katifa a ƙasa. Shi wannan in ya faɗi, kuɗin hatsin gida ne da na maganin tsohuwa. Mun ga yadda guguwar danna waya ta Hamster Kombat ta taso a 2024, daga Kano da Kaduna ta game ƙasar Hausa, kowa na jiran ranar da za ta fashe. Da aka raba kuɗin a ƙarshen Satumba, mafi yawa ƴan daloli kaɗan suka samu bayan watanni suna sayen data da caji. Wanda ya fito daga wannan da ɗacin rai shi ne farkon wanda mai bot ɗin ƙarya ke farauta.

Kuma kada a ce ba su da kan ciniki. Ka tsaya wajen mai sai da esansi a kwalba a bakin hanya, ka ga yadda yake lissafi. Da naira aka sayo, da sefa yake sayarwa, ya san canjin safe ya san na yamma, ya cire na mai ɗauko kaya, ya cire na hanya, ya san kwalba nawa zai sayar kafin ya fara cin riba, duk a ka, ba takarda. Ranar da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, kafin gidajen rediyo su gama sharhi ya riga ya sake farashi. Wannan basira ce ta fatake cikakkiya. Abin da ba a ba shi ba shi ne ɗaya rabin: yadda ake zama a yanke iyaka kafin a shiga, yadda ake raba kuɗin ci da kuɗin juyawa, yadda ake binciken wanda za a bar wa ajiya.

Wannan rabin yana nan a ƙirjin dattawanmu na Dole da Zango da Sabon Gari, dillalai da ƴan canji da masu awon hatsi, waɗanda suka san sayen gero da kaka a tiya-tiya da fitar da shi da bazara, suka san shekarar da rumbu ke yin riba da shekarar da yake cin mai shi. Ba sai sun iya latsa waya ba. Yaro ya iya latsawa. Abin da zai rubuta a ciki ne yake nema. Alhaji, in yaron nan ya zo gaishe ka da salularsa a hannu, kada ka ce masa caca ce ka kau da kai, kada kuma ka ce Allah ya ba da sa'a ka sallame shi. Zaunar da shi ka yi masa tambayoyin da mahaifinka ya yi maka ranar da ya fara aiken ka Kano. Nawa ne za ka iya rasawa gidanku ya ci tuwo a daren? A ina za ka tsaya in ta ɓaci, a ina za ka tsaya in ta yi kyau, kuma ka rubuta tun yanzu? Wa ke riƙe da kuɗin, wa ya san shi, in ya gudu wa za ka kama? Me ke cikin abin da kake saye da zai sa wani ya so shi baɗi?

Ku kuma ƴaƴana, ku karɓi wannan daga bakin wanda ke son ku da arziki. Na'ura baranya ce mai cika umarni, kuma iyakar alherinta shi ne ta riƙe muku alkawarin da kuka yi wa kanku lokacin da hankalinku ke kwance. In kun yanke iyaka, kada ku tashi tsakar dare ku matsar da ita don zuciya ta ce zai dawo. Kada ku sa kuɗin adashin inna, ko na haya, ko babur ɗin da kuke ci da shi. Ku fara da abin da in ya tafi za ku yi barci. Ku riƙa duba saƙon da kuka bari lokaci-lokaci, don kasuwa na sauya hali, saƙon bara ba lalle ya dace da bana ba. Kuma ku riƙe sana'ar hannunku da kyau, ita ce uwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Garin nan da cinikin nesa aka gina shi, kuma amana ce ta riƙe shi, daga mai jari zuwa madugu, daga madugu zuwa mai masauki. An daɗe ana barin wata unguwa a wajen wannan sarƙa. Yanzu da kasuwar duniya ta shigo aljihun kowane yaro ba ta nemi izininmu ba, lokaci ya yi da kowane mai rumfa zai ɗauki yaro ɗaya daga Kara-Kara ya zaunar a gefensa, ya koya masa ciniki yadda aka koya masa, har ya iya barin saƙo da iliminsa, ko a turke ko a salula. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya tsare mana gumin ƴaƴanmu.